Littafin Sito

Ni ne Baldomero Ankamil, mai riƙe da makullin sito,
shekara ashirin da bakwai a cikin Pilpilen.
Kada ka neme shi a hotunan bikin sojan ruwa.
Ranar fareti can ƙarshen tashar Talkahuwano ake ɗaure shi,
inda warin mai ba zai kai hancin manyan baƙi ba.
Jaki suke ce masa.
Ya amsa.

Bindiga biyu gare shi, lulluɓe da tamfol.
Ta hagu, tsuntsuwa ta taɓa yin sheƙa a bakinta,
kyaftin ya ce a bar ta sai ta ƙyanƙyashe.

Abin da ya shigo, na rubuta:
fulawa buhu ɗari huɗu, albasa, man inji,
ƙusa, sabulu, fenti ruwan toka,
wasiƙu jaka uku, ɗaya tana ƙamshin turare,
akwatin gawa guda, babu kowa ciki,
ko da za a buƙata.

Tsakiyar teku, dare ya raba, igiyar ruwa kamar bene,
jirgin yaƙi ya matso gefenmu da yunwarsa.
Mu jefa igiya, mu miƙa tiyo,
ya sha, ya sha, ya ƙoshi,
ya saki, ya wuce, ko waiwaye babu.
Da safe hotonsa ne a jarida.

A kudu, inda ƙanƙara ke yawo bisa ruwa
kamar dutsen da ya ɓata hanya,
mun kai gawayi ga mai gadin hasumiyar fitila.
Matarsa Filomena ta hau da ciki wata tara,
ba ta jira mu kai Punta Arenas ba.
A sitona ta haihu, tsakanin buhunan fulawa,
don nan ne ɗumin inji ke ratsa bango.
Na rubuta: ƙarin mutum ɗaya, mace, ba rasit.

Shekarar da ƙasa ta girgiza,
teku ya hau tudu ya kwashe gidaje da awaki,
kwana tara muna jigilar ruwan sha, ba barci.
Wata tsohuwa ta biya mu da dankali uku, dafaffe.
Kuku Anselmo, wanda albasa ba ta taɓa sa shi hawaye ba,
ya juya fuska bango.

Akwatin nan fa, an buƙata.
Oswaldo Paiyalef, ɗan shekara sha tara,
waya ta tsinke a kan bene, ko ƙara bai yi ba.
Layin da na soke a littafi ke nan
da hannuna ya ƙi miƙewa.

Sai tsatsa ta fi fenti yawa.
Takarda ta zo daga ofis, layi huɗu da hatimi.
Aka kwance ƙararrawa, aka kwashe tukwane,
aka ja shi da igiya zuwa ruwa mai zurfi
don samari su koyi saiti.
An ci moriyar ganga, sauran ka sani.

Ina cikin jirgin da ya ja shi, na gani da idona.
Su uku suka jeru, duk ya taɓa shayar da su.
Harsashin ma ni na sauke musu bara,
akwati sittin, da sa hannuna.

Sun ce minti arba'in ya isa.
Tun hantsi suke bugu har rana ta karkata,
yana tsaye, yana hayaƙi,
kamar mai jiran a gama lodi.
Da ya ga dama ya sunkuyar da kai,
ya tafi a hankali, yadda ya saba.

Littafin yana gidana, ƙarƙashin rediyo.
Lissafi ya daidaita, ban da cokali ɗaya
da ya ɓace tun tafiyar farko.
Da shi nake motsa shayi.